Ƙasa da Kwatan Tanki

Talata, 23 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Sun tafi da Lorna.

A bayan littafin lissafin man motarmu nake rubuta wannan, don shi kaɗai na tarar a aljihuna. Ina zaune a kan kujerar roba a wani dogon lungu na asibiti a Phoenix, tafiyar awa biyu daga inda muka kafa motarmu a hamadar Quartzsite. Ita tana ciki, sun zura mata roba a maƙogwaro, inji ne yake yi mata numfashi. Ni Delbert Kuhlmann, shekarata saba'in da ɗaya, da safe na bar matata tana ninke tawul, da yamma aka ce in tsaya a bayan gilashi in kalle ta.

Ina kasuwa ina wasa wa wata mata almakashi aka zo aka kira ni. Marlys, maƙwabciyarmu, ita ce ta same ta. Ban tambayi yadda ta same ta ba, ba na kuma son a gaya mini yau.

Mijinta Hoyt ne ya tuƙo ni, don na kasa tuƙi. Awa biyu a mota ɗaya bai ce mini ci kanka ba, ni ma ban ce ba. Kwana tara ke nan da na kira shi ɓarawo a gaban mutane, kuma ban janye ba.

Shekara goma sha biyu da suka wuce muka sayar da gidanmu na Nebraska muka koma cikin motar gida. Ɗaki, falo, kicin, banɗaki, duk a kan taya shida. Ba mu da wani gida bayanta. Abu ɗaya nake so a gaya mini: Lorna za ta koma cikinta tare da ni ko ba za ta koma ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce in jira.

Laraba, 24 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Likitar yarinya ce, ba za ta kai 'yarmu Renae ba. Ta zaunar da ni ta ce, "Baba, awa nawa take yi a kan injinta kullum?"

Na ce, "Wane inji?"

"Injin iskar numfashi. Wanda aka rubuta mata a watan Disamba."

Na ce ta sake duba takardunta, ta haɗa mu da wasu ne. Sai ta juyo mini da takardar. Daga ƙaramin asibitin Quartzsite take, ga sa hannun Lorna a ƙasa, da wannan L ɗin nata mai dogon wuya da na sani shekara arba'in da shida. Likitar ta faɗi sunan ciwon, na huhu ne, dogo ne, ba zan rubuta shi ba. Ta ce ya daɗe a jikinta. Ta ce da alama ta yi kwana ɗaya ko biyu ba ta hau injin ba, shi ne ya kayar da ita. Ta tambaye ni ko na san dalili.

Na tsaya ina kallonta baki sake. Ta ce in je in sha ruwa.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ta farka ba. Wane inji?

Alhamis, 25 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Na dawo motar in ɗaukar mata tabarau da bargonta. Gadonmu irin mai ɗagawa ne, a ƙarƙashinsa barguna suke. Ina ɗagawa sai ga shi. Girman ƙaramar akwati, launin toka, da siririyar roba a naɗe tsaf, naɗin Lorna. Mako shida ina kwana a kansa.

Na zauna a ƙasa. Sai na juya littafin nan ta gabansa, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Duk galan ɗin fetur da ya taɓa shiga motar nan yana cikin littafin nan, da mil nawa ya kai mu. Mil bakwai da 'yan kai take ba ni a galan ɗaya, idan ina jan ƙaramar mota a baya. Hoyt tasa dizal take sha, yana cika bakin wai goma take ba shi, shekara tara muna wannan gardamar, kuma ƙarya yake. A gidana akwai doka: janareta awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma, shi ke nan. Daga tankin motar yake sha, rabin galan a awa. Agogon da ke ƙirga masa awoyi ya mutu tun shekara huɗu, na ƙi gyarawa. Don me zan gyara abin da nake ƙirgawa a kaina?

Duk kwana goma muke shiga gari mu zubar da ruwan datti, mu ɗebo na sha, mu cika tanki. Da tafiyar da janareta, galan goma sha biyu take ci, ba ta taɓa wucewa ba. Ranar 22 ga Disamba ta ci arba'in da biyu. Na shiga ƙarƙashinta da tocila ina neman yoyo, babu. Ranar ɗaya ga wata, arba'in da biyu. Na sayo murfin tanki mai makulli. Ranar sha ɗaya, arba'in da ɗaya.

Sau ɗaya na tambaye ta. Na ce, "Ke, ko kin taɓa janareta?" Ta ce, "Ni, Del?" Ta ci gaba da feren dankalinta. Ban sake tambaya ba, don shekara goma sha biyu ba ta taɓa karya dokar ba.

Galan talatin a kwana goma. Awa sittin ke nan. Awa shida a rana. Tara nake fita kasuwa, uku nake dawowa.

Na yi lissafin sau huɗu, duk abu ɗaya yake ba ni.

Juma'a, 26 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Renae ta iso daga Omaha. Ta rungume ni a bakin ƙofar asibiti, ta ja baya ta ce, "Baba, warin fetur kake yi."

Ita ma ba ta san da injin ba. Ta tambaye ni ko ban lura Mama a zaune take barci ba. Na ce na lura, ta ce mini bayanta ne. Ta ce ban lura tana tsayawa a tsakiyar magana ba? Na ce na ɗauka mantuwa ce. Ta ce, "To me ka lura da shi, Baba?"

Amsar tana aljihuna.

Asabar, 27 ga Janairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na taka zuwa wurin Hoyt. Rabin mil ne yanzu. Da can motocinmu a jere suke, muna shan inuwa ɗaya, har makullan juna muke riƙewa. Shi ya sa da na ga mai yana ci gaba da ɓacewa bayan na sa murfi mai makulli, na ce to wa ke da hanyar shiga motata? Ranar sha huɗu ga wata na tare shi ana tsakar cin abincin Lahadi, mutum kusan ashirin, kowa da farantinsa. Ya yi dariya ya ce, "Dattijo, ka manta tawa dizal take sha?" Na ce ai jip ɗinka fetur take sha, ɓarawo. Ya ajiye cokali. Kafin rana ta faɗi ya tada motarsa ya matsa can bayan kwazazzabo. Ni kuma na ce wa Lorna kada ƙafarta ta sake taka wurinsu.

Yau na same shi yana goge fitilun motarsa. Bai ce in zauna ba.

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Kurma ne ni? Kana ficewa janaretanka ke tashi, minti goma kafin ka dawo ya mutu. Duk hamadar nan an sani, Del. Kai kaɗai ne kake kasuwa."

Marlys ce ta kai Lorna asibitin a Disamba. Shi ya ɗauko injin ya shigar mata da shi, don ya fi ƙarfin ɗaukarta. Lorna ta sa su rantsuwa ba za su gaya mini ba.

Na ce, "Na kira ka ɓarawo a gaban jama'a, ka yi shiru?"

"Ita ma tana zaune a wurin. Na kalle ta, ta girgiza mini kai. To me kake so in yi?" Ya yar da tsumman. "Ni ma bari in tambaye ka. Marlys ta ce da ta shiga ta danna janaretan bai tashi ba. Ranar Asabar ɗin can, ko daga nan ina jin ƙararsa idan iska ta juyo. Me ya same shi?"

Ba zan rubuta abin da na ce masa ba. Na dai ga ya cire hularsa ya zauna a kan matakala.

Lahadi, 28 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Ban je coci ba. Jarkokin man nan huɗu suna but ɗin ƙaramar mota har yanzu, na kasa taɓa su.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Ta motsa yatsa, in ji Renae. Ni ina waje lokacin.

Litinin, 29 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta, idan akwai hutawa.

Duk mai motar gida ya san wannan. Mesar da janareta ke zuƙar mai da ita ba ta kai gindin tanki ba, an yi ta gajera da gangan, don kada ya shanye man ya bar ka a daji. Idan allurar mai ta sauka ƙasa da kwata, ko za ka kwana kana dannawa ba zai tashi ba. Ni nake koya wa sababbin shiga wannan. Mutum nawa na yi wa dariya a kansa?

Lahadin makon jiya ranar shiga gari ce. Na duba allura, ta kusa rabi, duk da Hoyt ya matsa. Raina ya ɓaci. Na ce ashe da rana yake lallaɓowa. Na ƙi shiga gari. Na ɗauko mesa na zuƙe galan ashirin na cika jarkoki huɗu, na kulle su a but ɗin motar da nake zuwa kasuwa da ita. Allura ta kwanta ƙasa da kwata. Na shiga ciki ina goge hannu, ina jin daɗin kaina, na ce mata, "Mako guda ba janareta. A murhun gas za mu dafa kofi. Bari ɓarawon ya zo ya zuƙi iska."

Tana zaune a bakin taga. Ta ɗago ta kalle ni, ta buɗe baki, sai ta rufe. Ta ce, "To, Del."

To, Del.

Ranar Alhamis da na koma na tarar batirin tada janareta ya yi sanyi, ko ƙara ba ya yi. Sabon batir ne, a watan Oktoba na saya. Sai an danna shi sau da yawa, da yawa ƙwarai, kafin ya yi haka. Ta san dokar kwata, ta sha jina ina koyar da ita. Ta dai ci gaba da dannawa.

Laraba, 31 ga Janairu, ƙarfe ɗaya na rana

Sun cire robar. Ta farka. Ta gane Renae, ta gane ni. Murya babu tukuna. Na riƙe hannunta ba ta janye ba, ba ta kuma matse nawa ba.

Na fita na tsaya a wurin ajiye motoci na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Wani mutum ya tambaye ni ko motata ce ta ɓace.

Juma'a, 2 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Renae ta fita neman abinci, muka rage mu biyu. Muryarta ta dawo, can ƙasa, sai na sunkuya nake ji.

Na ce, "Lorna, don me ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Da na gaya maka, me za ka fara tambaya?"

"Zan tambayi me likita ya ce."

"Del."



Ta ce, "Za ka ce nawa yake sha. Ba za ka hana ba, na sani, kai ba mugu ba ne. Za ka bari in kunna. Sai ka zauna kana duba agogo. Ni kuma ba zan iya numfashi ana duba mini agogo ba."

Na ce shekara arba'in da shida ban taɓa ɗaga mata hannu ba, ban taɓa zaginta ba. Ta ce gaskiya ne. Ta ce na tuna lokacin da ta bar fanka a kunne a Texas? Na ce ban tuna ba. Ta ce kwana uku na yi ina maganar, a hankali, ina murmushi, har baƙi na ba labari.

Ban san tsorona take ji ba. Allah ya sani ban sani ba. Ni a wurina wasa ne, irin na miji da mata. Ita ma ai dariya take yi.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Marlys ta zo dubiya, ta keɓe da Renae a lungu. Da Renae ta dawo ba ta kalle ni ba. Sai da muka fito ta ce, "Jarkokin suna ina?" Na ce a but. Ta ce, "Tun ranar da na sauka nake shiga motar nan, ina cewa warin me ye wannan."

Na ce ban san da injin ba.

"Na sani, Baba. Da ka sani ai da sauƙi, da na tsane ka na huta." Ta share ido da bayan hannu. "Zan tafi da Mama Omaha. Ɗakin ƙasa yana nan, wuta ba ta ɗaukewa, ba kuma mai ƙirga ta."

Na ce wannan maganar Lorna ce za ta yanke, ba ita ba. Ta ce to a tambaye ta.

Aka tambaye ta. Ta ce idan an sallame ta, a kai ta motar ta kwanta na yini ɗaya ta gani. Daga nan za ta faɗi inda za ta.

Litinin, 5 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Yini ɗaya.

Laraba, 7 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na juye jarkokin a tanki, na shiga gari na cika shi har baki, na sauya batir. Na wanke labule. Na fito da injin daga ƙarƙashin gado na yi masa wuri a gefenta, na ɗaure shi da bel don kada ya motsa a hanya.

Kafin in tashi na je wurin cin abincin jama'a na tsaya a inda na tsaya ranar, na ce Hoyt Tackett bai taɓa ɗaukar mini ko ɗigon mai ba, ni ne na ci mutuncinsa a banza. Kowa ya sunkuyar da kai a farantinsa, don duk sun riga ni sani. Hoyt ya ce, "Zauna ka ci wake, dattijo, ka tare mana rana." Can ya ƙara da cewa har yanzu dai goma tasa take ba shi. Na ce ƙarya kake. Shi ke nan abin da ya shiga tsakaninmu.

Da zan tafi ya leƙo ta tagar direba ya ce, "Ranar da za ta zo, ka bar littafin nan a wani wuri. Agogon ma ka cire."

Motar tana Phoenix yanzu, a wani fili kusa da asibitin. Ba wutar da za a jona, sai janareta. Gara haka, ta gani da idonta.

Asabar, 10 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Ta zo da sha biyun rana. Matakala uku ce, sai da ta huta sau biyu. Renae ta ce za ta jira a ƙaramar mota.

Tun kafin ta shigo na kunna janareta. Littafin yana cikin akwatin kayan aiki a waje, agogona yana aljihun wando. Ta duba labulen ta ce, "Ka wanke su da ruwan zafi, sun tsuke." Na ji daɗin faɗan nan fiye da duk abin da aka ce mini a wata guda.

Ta kwanta, na sa mata robar a hanci yadda nas ta koya mini. Injin ya fara aikinsa, fuu, tak, fuu, tak. Ta lumshe ido. Na zauna a gefen gado. Fuskarta ta saki, leɓenta ya yi ja, na ce a raina shi ke nan, ta dawo gida. Ban yi motsi ba. Ban duba komai ba, na rantse. Akwai dai agogo a jikin murhu, ta ƙofar ɗaki ana hango shi, amma ba kallonsa nake yi ba, yana wurin ne kawai.

Idonta a rufe ta ce, "Kana lissafi, Del."

Na ce, "Ni? Wane lissafi? Ki yi barcinki."

"Ƙafarka tana bugawa. Haka kake yi. Tun yaushe yake kunne?"

"Ban sani ba."

"Galan nawa ya sha?"

"Kwata uku."

Ya fita ne kawai. Ban neme shi ba, ban yi niyya ba, a bakina na tsince shi kamar yadda mutum ke faɗin sunansa. Awa ɗaya da rabi, kwata uku. Daidai ne kuma.

Ta yi 'yar dariya har ta sa ta tari. Ta laluba ta dafa hannuna, wannan karon ta matse. Ta ce, "Ba laifinka ba ne, haka aka yi ka. Kira mini Renae."

Na ce ta ba ni mako ɗaya. Na ce zan ƙone littafin. Ta ce ai ba a takarda yake ba.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Kwata uku.

Lahadi, ƙarfe sha biyu na rana

Da na ce ban sani ba sau biyu. Sau biyu kacal.

Litinin, 12 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Sun tafi a ƙaramar mota, da ƙaramin injin tafiya mai batir da asibiti suka haɗa ta da shi. Renae ta kwashe kayan uwarta jiya: keken ɗinki, tukwanen ƙarfe, kwalayen hotuna, tulunan furanni. Ban san kayanta sun kai haka ba sai da na ga durowoyi wayam.

Lorna ta sauke gilashi ta ce, "Ka biyo mu idan kana so. Akwai wurin ajiye mota a gefen gidan. Za ka riƙa shigowa cin abinci. Amma ni na gama kwana cikin motar nan, Del."

Na ce to. Ban taɓa sanin kalmar tana da nauyi haka a baki ba.

Laraba, 14 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na kama hanya. Ba na gudu, mil hamsin da biyar a awa nake yi, manyan motoci suna ta wuce ni suna danna hon. Motar tana ta ƙarar da ban saba ji ba, durowoyin da ba komai ne.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana, wani gidan mai a New Mexico

Na yi wa kaina alkawari ba zan duba ba. Na cika tanki ina kallon wani waje, takardar da injin ya tofo na dunƙule ta na jefa a kwandon shara. Amma idona ya riga ya ɗauki lambar galan, ya kuma ɗauki ta mil tun ina sauka. Kafin in rufe murfin tanki kaina ya gama rabawa.

Mil tara da ɗigo ɗaya a galan.

Na tsaya riƙe da murfin a hannu. Shekara goma sha biyu motar nan ba ta taɓa ba ni ko takwas cikakke ba. Na gwada iskar taya, na gwada mai kala-kala, na hana kunna na'urar sanyi a tsakiyar zafi. Ashe abin da take so ke nan: ba ƙaramar mota a baya, ba keken ɗinki, ba tukwane, ba janareta, ba kowa.

Na shiga na zauna na buga waya. Lorna ce ta ɗauka. Ina jin injin a bayanta, fuu, tak. Ta ce sun isa jiya, akwai ƙanƙara a ko'ina, jikoki sun yi mata zane sun manna a bango. Muryarta ta fi ta asibiti ƙarfi. Ta tambayi inda nake, na ce gidan mai.

Ta ce, "To nawa ta ba ka?"

Na ce, "Ban duba ba."

Injin ya numfasa sau uku, na ƙirga.

Ta ce, "An gode, Del. Ka tuƙa a hankali."

Ta san ƙarya nake. Ta karɓa ne kawai, don ita kaɗai ce abin da ya rage mini in ba ta.